Kun Tambaya Mun Amsa: furen nan da ke tsirowa a ƙonen daji babu ganye

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da saukar damina. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk kan abu ɗaya suke, shine nace bari in tara su wuri ɗaya in huta, masu tambayar kiwon zuma da dashen mangwaro kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

Tambaya daga wani manomi a wajen Saminaka: Malam barka da aiki. Satin da ya wuce bayan ruwa na biyu naje sharar gona a bakin daji inda wuta taci da rani, sai naga wani abu ya fito daga ƙasa tsaye kamar an caka tsinke, tsawonsa ya kusa ƙuguna, babu ganye ko guda ɗaya, sai furanni wajen takwas ruwan hoda mai shiga shunayya, kowanne da baki a buɗe kamar 'yar jaka. Abokina yace ƙuduji ne nace masa ƙuduji baya riga dawa fitowa. Ga hoto nan na turo, dan Allah menene wannan?

Amsa: Ɗan'uwa kai ne da gaskiya, kace wa abokinka ya sayo maka goro. Ƙuduji sai dawa ko gero ko masara sunyi ƙarfi yake leƙowa tunda a saiwarsu yake tsotso, kuma furensa ƙanana ne ga ganye kaushi-kaushi a jikin kara. Wannan da ka ɗauko a hoto ɗan wani dangin furanni ne da ake kira okid, irin na ƙasa, masana tsirrai suna ce masa Eulophia cucullata. Kalma ta biyun Latin ce, ma'anarta mai hula ko mai lulluɓi, saboda wannan jakar da kace ka gani. Wani Baswiden mai suna Adam Afzelius ne ya tsinto shi a Saliyo wajen shekarun 1790, a shekarar 1800 aka rubuta bayaninsa, wato kaga Turawa sun ɗauki shekara ɗari biyu da wani abu suna rubutu akansa mu kuma muna taka shi da takalmin roba a hanyar gona.

Dangin okid ba ƙaramin dangi bane fa, sun kai iri 28,000 a duniya, suna cikin dangi biyu mafi yawa a tsirrai masu fure. Mafi yawansu a kan bishiya suke zaune a manyan kurmi, amma na yankinmu na ciyawa da itatuwa jefi-jefi, yawanci 'yan ƙasa ne. Eulophia kaɗai sun haura iri 200 kuma galibinsu a Afirka suke.

Toh ga yadda zaka gane okid ko a ina ka gamu da shi, ka tsuguna ka dubi fure ɗaya da kyau. Zaka ga kunnuwa shida, uku a baya uku a gaba. A wannan naka ukun bayan sirara ne, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan kore, sun lanƙwashe baya kamar kunnen akuyar da ta tsorata. Na gaban biyu faffaɗa ne ruwan hoda, sai na ukun wanda shine ya bambanta da kowa, shi ake kira leɓe, ya faɗaɗa ya zurma ciki yayi aljihu, maƙogwaronsa fari da rawaya da ɗigo-ɗigo. Wannan leɓen shine tambarin gidan, duk furen da kaga kunnuwansa shida iri ɗaya ne cif kamar na albasar kwaɗi toh ba okid bane. Sannan a tsakiya ba zaka ga zare-zaren nan masu gari a kai ba irin na furen kuɓewa ko yakuwa, wani ɗan turke ne guda ɗaya mai kauri, namijin furen da macen duk a haɗe suke a jikinsa. Wani abin dariya ma, asali leɓen a sama yake tun furen yana ƙunshe, kafin ya buɗe sai ya murɗa wuyansa ya juyo da shi ƙasa, in ka duba ɗan sandan da ke riƙe da furen zaka ga murɗin.

Ganyen da kace babu, yana nan tafe. Shi wannan fure yake fara turowa da ƙarfin abincin da ya tara bara, ganyen na biyo baya ko su taso tare yana ƙarami, guda biyu zuwa huɗu, dogaye sirara masu layi-layi kamar an ninke takarda, in damina tayi nisa ba zaka bambanta su da ciyawa ba wallahi, ni kaina na sha wuce wurin da na sani sarai akwai su a watan Agusta ban gane ba. A ƙarƙashin ƙasa kuma yana da 'ya'ya kamar dankali marasa siffa, a jere kamar carbi, duk shekara sabo ɗaya na ƙaruwa a gaba, tsoffin na baya suna motsewa a hankali.

Akwai mai kama da shi da ke ruɗa mutane a daidai wannan lokacin, wani ɗan'uwan citta ne, furensa babba shunayya da tabon rawaya a tsakiya amma shi a dab da ƙasa yake buɗewa ba kara, yana da laushi kamar auduga kuma baya daɗewa yake yaushi, in ka fasa saiwarsa zaka ji ƙamshi. Shi ba okid bane ko kaɗan.

Tambaya daga wata malamar firamare a Jos: Malam ina wuni. Ni mai son fulawa ce, bara naga irin wannan furen a hanyar ƙauyenmu nasa yara suka tono min guda biyar na dasa a tukwane, na sa musu takin shanu ina basu ruwa safe da yamma har rani, bana ko ɗaya bai fito ba, da na zazzage tukunyar sai na tarar duk sun ruɓe. Ina nayi kuskure?

Amsa: Malama sannu, amma gaskiya ɗaya ce daga ƙinta sai ɓata, kuskuren farko tonowar ce, na biyu kuma alherin da kika yi musu ne yayi yawa. Abin nan ɗan daji ne da ya saba da wata biyar ko shida babu ɗigon ruwa, daga Nuwamba ganyensa ya bushe shikenan ya kwanta barci a ƙasa mai zafi busasshiya har sai ƙamshin ruwan farko. Ke kuma kika riƙa shayar da mai barci safe da yamma, ga takin shanu mai riƙe laima, ai dole ya ruɓe.

Bari in faɗa miki irin wurin da yake so sai ki gwada da tukunyarki. Yana son fili mai ciyawa da rana, ko dajin doka da kaɗanya da maje inda inuwa bata rufe ba, ƙasa mai yashi-yashi ko tsakuwa wadda ruwa ke wucewa baya kwanciya. Anan ƙasar za'a fi samunsa a tsakiya, kudancin Kaduna, Neja, Filato, kudancin Bauchi, har tsaunukan Taraba wajen Mambila, yana fure daga wajen Afrilu zuwa Yuni gwargwadon yadda ruwa ya sauka a wurin. Duk yadda kika ƙara yin arewa ruwa na raguwa shima yana ƙaranci, shi yasa mutumin Daura ko Maraɗi zai iya tsufa bai taɓa ganinsa ba. Amma a faɗin Afirka kam ya bazu, daga Senegal har Habasha, ya gangara har Afirka ta Kudu, har tsibirin Madagaska akwai shi.

Sai dai babban sirrin ba a ruwa ko rana yake ba, a cikin ƙasar yake, kuma nan ne nake so ki tsaya dani. Kin san ƙwayar wake ko masara uwarta na haɗa mata guzuri, wannan garin da muke ci ai abincin ɗan tsiron ne. Toh ita ƙwayar okid babu guzuri ko na anini, ƙura ce kawai, in kika fasa kwanson da ya bushe kika hura sai ta tashi kamar hoda. Darwin, Baturen Ingilan nan da ya fitar da littafi sukutum kan okid a 1862, ya zauna ya lissafa na wani iri na ƙasarsu ya samu ƙwaya wajen 6,200 a kwanso ɗaya, wasu na ƙasashe masu zafi ma suna haura miliyan. Duk wannan yawan amma ƙwayar bata iya tsira da kanta, sai iska ta jefa ta inda akwai wata irin funfuna a ƙasa, dangin su laimar kwaɗi, mai zare siriri da ido baya gani. Zaren ya shiga cikin ƙwayar kamar zai cinye ta, ita kuma sai ta juya ta riƙa narkar da shi tana ci, a haka take rayuwa a ɓoye tana ƙulla ɗan dankalinta, shekaru na wucewa kafin ta kai ga yin fure na farko. Wani Bafaranshe Noel Bernard ne ya gano wannan a 1899, sai a 1922 wani Ba'amurke Lewis Knudson ya nuna ana iya tsirar da su a kwalba da sukari da sinadarai babu funfunar, daga nan ne kasuwar okid ta duniya ta buɗe, waɗanda kike gani a otal-otal na Abuja yawanci 'yan kwalba ne.

Kinga kenan guda biyar ɗin nan da yara suka tono, kowanne sa'a ce ta ɗaya cikin dubbai, kuma ko bayan ya girma bai gama rabuwa da funfunar wurinsa ba, in an ɗauke shi an raba shi da abokin zamansa. Nima ba wai na fi ki bane, ina saurayi lokacin da na fara aikin gandun daji na cika bokiti da su na kai gida ina murna zan burge amarya, shekarar farko biyu sukayi fure dan ƙarfin da suka zo da shi, shekara ta biyu ganye kawai, ta uku ko ganyen babu, har yau in maganar ta tashi sai ta tuna min.

In dai lallai kina son na tukunya, ki nemi ɗan'uwansa Eulophia guineensis wurin masu sayar da fulawa waɗanda suke raba nasu da suka raina. Shi 'ya'yansa a saman ƙasa suke a cure kamar albasa kore, ganyensa faffaɗa, leɓensa shimfiɗaɗɗe fari da ruwan hoda, a daji yana zama a inuwa tsakanin duwatsu da bakin kurmi inda ganye ke ruɓewa, har Yaman da Oman ana samunsa. Yana haƙuri da tukunya in an sa masa ƙasa mai tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye, kuma da ganyensa ya zube ki ɗauke masa ruwa sai bazara.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam ni tambayata gajera ce, na shinshina furen na kuma tsotsi gindinsa banji zaƙi ba, me ƙudan zuma ke samu a ciki?

Amsa: Babu abinda suke samu, damfara ce tsagwaronta. Yawancin Eulophia basa yin ruwan zaƙi, ado kawai suke yi irin na furen da ke da shi. Mai ziyarar tasu ma ba ƙudan zuman amya bane, babbar nan ce mai ƙugi da ke huda itacen rufi da turken rumfa tana zubo gari. Ta sauka akan leɓe ta cusa kai cikin aljihu ta tarar wayam, wajen ja da baya sai ta goga jikin turken tsakiya. Garin furen okid ba a warwatse yake ba, a dunƙule yake ƙulli biyu rawaya da ɗan danƙo a gindi, sai ya manne mata, in ta sake ruɗuwa a wani furen sai ta sauke kayan. An bi wannan a kudancin Gana akan Eulophia cristata aka buga binciken a 1975, shi wancan furanninsa sun fi ƙanana sun fi yawa a kara kuma yana riga naka fitowa tun ana tsakiyar zafi. Da yake ƙwarin suna wayewa da wuri, furanni kaɗan ne ke ɗaukar ciki, shi yasa kwanso ɗaya yake zuba dubban ƙwaya. Zaka iya gwadawa da tsinken sakace, ka taɓa ƙarƙashin kan turken ka ja sama a hankali, ƙullin zai biyo tsinken. Amma ɗalibi ka daina tsotsar abinda baka sani ba a daji dan Allah.

Tambaya daga wani bawan Allah da yace a sakaya garinsu: Malam naji ance dankalin wannan furen maganin ƙarfin maza ne, wasu kuma sunce ana ci. Gaskiya ne?

Amsa: Nasan za'a zo nan, ba'a taɓa maganar saiwa a ƙasar nan an tashi lafiya ba. Alhaji wannan zancen ya girmi kakanninmu, sunan okid ɗin kansa daga kalmar Girkanci yake mai nufin 'ya'yan maraina, saboda irin na ƙasarsu 'ya'ya biyu yake yi a ƙasa masu wannan siffar, mutanen da suka ga kama sai suka ce ai magani ne. Kama da wane kuma bata wane. Abinda ke cikin dankalin sitaci ne da yauƙi.

Ci kuwa ana ci a wasu ƙasashe, ba ƙarya bane. Ɗalibanmu da suka zauna a Masar sun san sahlab, abin shan nan mai kauri da madara da ake sha da sanyi, asalinsa garin dankalin okid ne, a Turkiyya har askirim suke yi da shi mai danƙo, kuma tonon yayi yawa har gwamnatinsu ta hana fitar da garin waje, yawancin na kanti yanzu sitaci ne da ƙamshi. A Zambiya akwai cikanda, ana daka dankalin da gyaɗa a dafa da toka ko soda ya daskare a yanka kamar alala, da abincin talakan ƙauye ne sai ya shiga birni ya zama na kasuwa, nasu yayi ƙaranci suka koma saye daga kudancin Tanzaniya miliyoyi duk shekara. Wannan na cikin dalilan da Tanzaniya ta mai da tudun Kitulo gandun ƙasa a 2005, gandun da aka kafa dan furanni ba dan zaki ko giwa ba. Ka lura waɗancan wasu jinsuna ne daban, su Disa da Satyrium da Habenaria, ba wannan namu mai jaka ba.

Abinda ya fi damuna shine mai tono da rani baya ganin fure, saiwa kawai yake gani, kuma a daji ɗaya akwai baurairai, mai hawa da jan fure da rawaya kamar harshen wuta, saiwarsa guba ce mai kisa, daga amai da gudawa sai ƙoda da jini su lalace, ana kai mutane asibiti a ƙasashe da dama dan sun ɗauka doya ce ko dankali. Albasar kwaɗi ma guba ce. In akwai matsala a gida Alhaji kaje a auna sukari da hawan jini tukuna, sau da yawa daga can take. Masu tunanin kasuwanci kuma su sani duk dangin okid suna cikin yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke ciki, ba'a ƙetare iyaka da su sai da takarda.

Tambaya daga wani makiyayi a wajen Toro, ɗansa ne ya rubuto masa: Baba yace in tambaya, tunda a ƙonen daji yake fitowa, kenan wuta ce ke shuka shi?

Amsa: A gaida Baba da kyau, a ce ina masa fatan alheri da shi da garke. Wuta bata shuka shi, share masa fili take yi. Yana kwance a ƙasa inda zafin baya kaiwa, wuta ta cinye tsohuwar ciyawa, rana ta samu ƙasa, toka ta zauna, ruwa na sauka sai ya riga kowa miƙewa ya gama furensa kafin gamba ta rufe shi, kamar dai yadda rawaya ke yi, waccan mai furen ɗorawa da ke buɗewa a kan toka. Baba ya fini sanin bambancin wutar farkon rani da ciyawa ke da sauran laima, wadda ke lashe sama-sama ta wuce, da wutar ƙarshen rani mai cin har itace, in ta makara har kara ya fara leƙowa toh furen bana ya tafi. Amma wuta ba itace babbar abokiyar gabarsa ba, garma ce da maganin feshi, gonar da tarakta ta juye sau ɗaya ta watse da carbin nan shikenan. Shi yasa yanzu an fi ganinsa a kan iyakar gona da gefen burtali da gindin duwatsu inda garma bata shiga. In Baba na bi ta fadama da tsakiyar damina ya duba, akwai wani mai rawayan fure da ya kai ƙirjin mutum yana tsaye ƙafarsa cikin ruwa, Eulophia angolensis, da wani ƙato mai shunayya da kan fi mutum tsawo a bakin rafi, duk gida ɗaya ne.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa a Kumasi: Malam wanda nake gani a manne a jikin bishiya da furanni masu ɗigo kamar damisa fa, kauci ne?

Amsa: A'a Hajiya, okid ne shima, Ansellia africana. Kauci huda reshe yake yana shan ruwan bishiyar har ya kashe reshen, wannan kuwa haya kawai yake, ya riƙe ɓawo da saiwa, wasu fararen saiwoyin kuma su miƙe sama kamar kwando suna tare ganyen da ke faɗowa ya ruɓe ya zama abincinsa. Kar ki bari yara su sauko miki da shi. Kuma banila ɗin da kike sawa a kek ɗin sallah itama 'yar gidan ce, kwanson wani okid ne mai hawa ɗan asalin Meziko, wanda aka kasa sa shi yayi 'ya'ya da yawa a wasu ƙasashe sai da wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius a tsibirin Reyuniyon ya gano yadda ake haɗa furen da ɗan tsinke a 1841, har yau da hannu ake yi fure ɗaya-ɗaya a Madagaska.

Na Saminaka, in ka koma gona ka kafa ɗan turke kusa da shi kar masu huɗa su bi ta kai, nan da wata biyu ka duba ko akwai kwanso mai kama da ƙaramar kuɓewa yana reto a karan, in akwai ka sake turo min hoto.